A Koya Wa Nas-Nas Sha'anin Ciwon Daji, Kuma Da Harshen Majinyaci

Duk wanda ya san yadda asibitocinmu suke a ƙasar Hausa, ya san cewa ba likita ne majinyaci yake fara gani ba. Nas ce take karɓarsa, ita take wanke masa gyambo, ita kuma take kwana a kansa. A ƙaramin asibitin ƙauye kuwa, sau da yawa ita ce wuƙa ita ce nama. To, ra'ayina shi ne, muddin ilmin ciwon daji ya tsaya a hannun 'yan ƙwararrun da ke manyan asibitocin koyarwa irin na Shika da Sakkwato da Kano, ba za a daina kawo majinyata bayan bakin alƙalami ya bushe ba. Wajibi ne a sauko da wani kaso na wannan ilmi zuwa ga nas-nas gama-gari.

Alƙaluman hukumar binciken sankara ta duniya sun nuna cewa a shekarar 2020 an sami sababbin masu ciwon daji kimanin 125,000 a Nijeriya, kuma wajen mutum 79,000 suka rasu ta dalilinsa. A tsakanin mata, na mama da na bakin mahaifa su ne kan gaba, alhali kuwa su ne waɗanda ake iya cim musu da wuri, in an sami mai ido. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wane ilmi ne ake bukata? Ba cewa ake yi a mai da kowace nas likita ba. Abu huɗu ne kurum. Na farko, gane alamu: ƙullutu mai tauri a mama wanda ba ya zafi, zubar jini bayan mace ta daina al'ada, gyambon da ya ƙi warkewa, ko kumburin muƙamuƙin yaro mai saurin girma, irin wanda Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958. Na biyu, bincike mai sauƙi. Akan shafa ruwan binega a bakin mahaifa, in akwai wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari cikin minti guda, kuma nas ko ungozoma da aka horar tana iya yin wannan ba tare da wata babbar na'ura ba. Na uku, kula da wanda aka yi wa kemo a birni ya koma gida. Maganin yakan karya garkuwar jiki, musamman bayan mako ɗaya zuwa biyu, saboda haka zazzaɓin da ya kai digiri 38 a jikin irin wannan majinyaci lamari ne na gaggawa. Nas da ba ta san haka ba, sai ta ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, ta ba shi ƙwaya ta sallame shi, a wayi gari an yi rashi. Na huɗu, sauƙaƙa raɗaɗi, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matakansa uku tun 1986, daga ƙananan magunguna har zuwa mofin.

Mai karatu na iya cewa aiki ya riga ya yi wa nas-nas yawa, ga shi da dama cikinsu suna ficewa zuwa Ingila da Saudiyya, me zai sa a ƙara musu kaya? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Amma fa majinyacin yana gabansu, ko an koya musu ko ba a koya musu ba. Bambancin kawai shi ne ko su yi aikin da sani ko su yi shi da lalube. Wani kuma zai ce akwai haɗari a damƙa wa nas magani mai ƙarfi. Sai mu dubi Uganda, inda a 2004 aka gyara doka, aka yarda nas-nas da suka sami horo na musamman su rubuta mofin na sha. Watau horo da sa ido su ne maganin haɗarin.

Sai dai akwai wani ɓangare da ya shafe mu kai tsaye, mu ɗaliban Hausa. Nas da Turanci take karatu, amma da Hausa take jinya. Kalmar "daji" a bakin Bahaushe tana da faɗi ƙwarai, domin takan haɗa da maruru da kumburi iri-iri waɗanda ba su da dangantaka da sankara. Bugu da ƙari, akwai camfin da ke cewa daji ba ya son ƙarfe, watau in allura ko wuƙar likita ta taɓa shi sai ya fusata. Wannan camfi ne yake sa mace ta ƙi yarda a ɗebi ɗan nama a auna, ta koma ga shafe-shafe har sai maman ya fashe. Idan ta zo a makare ta rasu bayan aiki, sai a ce ƙarfe ne ya kashe ta, camfin ya ƙara ƙarfi. Wa zai warware wannan ƙulli, in ba nas da ta san cutar, ta kuma san harshen ba? Haka nan allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa, wadda Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoba na 2023, ba za ta karɓu ba sai an sami mai yi wa iyaye bayani cikin ladabi da kunya irin tamu.

Saboda haka ina kira ga hukumar kula da nas-nas da ungozomomi ta ƙasa, da cibiyar bincike da maganin sankara da ke Abuja, su sa wannan darasi a manhajar kowace makarantar koyon jinya, su kuma shirya gajerun kwasa-kwasai domin waɗanda ke bakin aiki. Mu kuma a wannan sashe, malamai da ɗalibai, mu zauna da masana lafiya mu tace kalmomi, mu tsara ɗan littafin da nas za ta riƙa dubawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.