Bigul, Ɗan Kare Mai Hanci

Yara, a ƙasar Ingila akwai wani ɗan kare da a ke kira bigul. Tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa inci 13 ne zuwa 16. Kunnuwansa fatam-fatam, bakin wutsiyarsa fari. Da hanci ya ke farauta. In zomon daji ya gitta, sai ya duƙar da kai ya yi ta bin sawunsa har maɓoyarsa.

A 2004 aka yi dokar da ta hana bin zomon daji da garken karnuka a Ingila. Amma hancin bigul bai rasa aiki ba. Tun 1984 mutanen Amurka su ke sa shi sansanar kayan fasinja a filin jirgin sama, don ya gano nama ko 'ya'yan itace masu iya kawo cuta.

To, ga ra'ayina. Kada mutum ya ɗauki wannan kare don kyansa kaɗai. Bigul ya kan yi shekara 12 zuwa 15 a duniya, kullum kuwa sai an fita da shi ya motsa jiki. In za a fita a sa masa igiya, gama in ya ji ƙanshin wani abu, ko ka yi ta kira ba ya waiwaye. Ga shi da haɗama, saboda haka a auna masa abinci safe da yamma, kada ƙiba ta nakasa shi. A duba kunnuwansa kowane mako, don iska ba ta shiga sosai. Da ya ke cikin garke aka saba kiwonsa, in an bar shi shi kaɗai sai ya cika maƙwabta da kuka.

Wani zai ce, "Haba, kare ne fa! Ya nemi abincinsa a juji." Wannan kuskure ne. Karen da ke yawon juji shi ke kwaso cuta. In ya kamu da haukan kare ya ciji yaro, ba a yi maza an kai shi asibiti ba, sai mutuwa. Don haka dole ne a kai kare wurin likitan dabbobi a yi masa allura.

Wannan magana ta shafi karnukan gidajenmu ma. Wanda ba zai iya ɗawainiya ba, ya haƙura da kiwo. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.