Kwamfutar Tafi-da-gidanka: Dokin Sukuwa Ko Jakin Kai Taki?

 

Makonni biyu da suka wuce na je gida Sabon Birni, a ƙasar Gwarzo, domin ɗaurin auren wani ɗan'uwa. Bayan sallar isha'i Yayana ya aiko a kira ni zaure. Na tarar da shi a kan buzu, 'yarsa ta fari tana durƙushe a gefe riƙe da waya. Yarinyar ta sami gurbin karatu a Jami'ar Bayero, za ta karanci fannin koyarwa, an kuma shaida mata cewa karatun yanzu ba ya tafiya sai da kwamfuta.

"Kai ne ka san boko," in ji Yaya. "Na sayar da masarar da na ɓoye tun kaka, uwarta kuma ta sayar da ragon da take kiwo. Kuɗin ke nan, babu wasu a bayansu. Ka duba mana abin da za a saya."

Yarinyar ta miƙo mini wayar da hannu biyu. Hotuna biyu ne. Ɗaya kwamfuta ce siririya, ba ta wuce kaurin littafin rubutu ba. Ɗayar kuwa ƙatuwa ce baƙa, madannanta na walƙiya da fitilu ja da kore. "Baffa, an ce baƙar ta fi ƙarfi," in ji ta, "wai ita ce ba ta tsayawa."

Na daɗe ina kallon hotunan nan, domin abin da ke gabana gumin damina guda ne da kiwon shekara. Na kuma san wannan zama da muka yi ana yin irinsa a zauruka da yawa, daga Getso zuwa Kutama, daga Lakwaya zuwa Garo ta ƙasar Kabo. Tun daga 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, na'urar ta shiga lissafin kowane uba mai ɗa a makaranta. Sannan tun daga watan Yunin 2023 da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, Dalar da ke wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 cikin watanni, kuma kusan duk kwamfutar da ke ƙasar nan da Dala aka shigo da ita. Kuskuren saye a yau ba ya gyaruwa da sauƙi.

Kafin in ba su amsa, na ba su labarin wani ɗan ƙanwata. Shekara biyu ke nan ya je wani shago a birni, ya ɗauko irin baƙar nan, saboda abokai sun ce ita ce ta manya. Watan farko kowa sai ya zo kallo. Daga nan gaskiya ta fara halinta. Batirinta ba ya kai awa biyu. Cajarta kaɗai ta kusa nauyin bulo, ƙaramar solar gidansu kuma da an jona ta sai na'urar ta yi ƙara ta ɗauke. Ga nauyi, kafaɗarsa ta gaji da jakar, ya koma barin ta a ɗaki yana karanta darasi a waya. Abin da yake yi da ita bai wuce buga aikin gida da kallon fim ba. Ƙarshe ya sayar da ita a kan asara. Kwamfutar lafiyarta ƙalau, aikin da aka ƙera ta dominsa ne ba shi da shi.

Mutanen karkara sun san wannan darasi tun kafin zuwan boko. Dokin sukuwa abin sha'awa ne ranar hawan sallah, amma kullum sai an ba shi dawa da harawa da kanwa, ko an hau shi ko ba a hau ba. Wanda buƙatarsa kai taki gona ce da ɗauko amfani, jaki yake saya, kuma babu wanda ya taɓa yi masa dariya. Tambayar farko ga mai sayen kwamfuta ita ce: wane aiki zan riƙa yi da ita daga Litinin zuwa Juma'a?

Ga mafi yawan ɗalibai da malamai da ma'aikatan ofis, amsar ba ta da tsawo: buga rubutu a Word, lissafi a Excel, karanta littattafai da takardun darasi, bincike a intanet, cike fom na rajista, halartar taro ko darasi ta Zoom. Duk wannan ba ya buƙatar ƙarfin a-zo-a-gani. Abin da yake buƙata shi ne kwamfutar da za ta kasance a kunne lokacin da ake son ta, a wurin da ake son ta. A nan ne yanayin ƙasarmu ke shiga maganar.

Na farko, wuta. An kasa masu amfani da lantarki a Najeriya rukuni biyar, daga rukunin A da aka yi wa alƙawarin aƙalla awa 20 a rana, zuwa rukunin E mai awa 4. Mutumin karkara ya san inda ya faɗo ba sai na gaya masa ba. Kwamfuta mara nauyi galibi cajarta wat 45 ne zuwa 65, ƙaramar sola na ɗaukar ta, wasu ma ana iya cajinsu da babban fawa-banki ta kafar USB-C. Masu ƙarfin kuwa cajarsu takan kai wat 180 zuwa 230, wasu fiye. Dalili shi ne masarrafar da ke cikinsu da katin sarrafa hoto suna shan wuta kamar raƙumi a bakin rijiya, shi ya sa ko batirinsu babba ne ba ya jimawa. Ga wanda zai zauna a ɗakin darasi daga safe zuwa azahar, soket ɗaya ɗalibai hamsin na layi a kansa, awa shida na batir sun fi masa kowane irin sauri.

Na biyu, hanya. Siririyar kwamfuta mai fuskar inci 13 ko 14 nauyinta yana tsakanin kilo 1.2 da kilo ɗaya da rabi. Mai ƙarfin takan wuce kilo biyu, in an haɗa da cajarta a doshi uku. A cikin shago bambancin ba ya nuna kansa. Sai an hau acaɓa daga ƙauye zuwa Gwarzo, an matsu a motar haya zuwa Kano, an sauka a sabon mazaunin jami'a da ke kan Titin Gwarzo, an taka daga ƙofa zuwa tsangaya cikin rana, sannan jiki magayi zai yi bayani. Kwamfutar da ta zauna a ɗaki saboda nauyi, kuɗinta ya tafi a banza.

Na uku, ƙura da zafi. Kwamfuta mai ƙarfi tana da fankoki biyu da ke zuƙar iska domin sanyaya cikinta. A lokacin hunturu ƙura suke zuƙa, a bazara kuma, sa'ad da zafi ke haura maki 40, iskar da suke zuƙa ma mai zafi ce. Idan ƙura ta toshe hanyar iska, na'urar da kanta take rage gudu domin kada ta ƙone. Sai ka ga an biya kuɗin ƙarfi, ƙarfin kuma ba a samun sa sai ana kai ta wurin mai gyara ana kakkaɓewa.

Kada a ɗauka ina cewa kowa ya guji mai ƙarfi. A nan Gwarzo akwai Makarantar Nazarin Muhalli ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, inda ake koyon zanen gine-gine da dangoginsa. Ɗalibin da zai buɗe AutoCAD ko Revit, ya zana gida ya juya shi ta kowace fuska, yana buƙatar katin sarrafa hoto da wadatacciyar ma'adanar aiki, irin wadda 'yan kasuwa ke kira RAM, aƙalla gigabait 16. Haka mai tace finafinai a masana'antar Kannywood, ko matashin da ke ɗaukar bidiyon biki yana haɗawa. Waɗannan nauyin jakarsu nauyin jari ne, domin awar da kwamfuta ta ɓata tana jan ƙafa kuɗi ne ke zuba. Su ɗin ma, wanda aikinsa a shago ɗaya yake, gara ya duba kwamfutar tebur, wadda ta fi araha a kan ƙarfi iri ɗaya, ta kuma fi sauƙin gyara.

Akwai wani tarkon kuma a ɗaya ɓangaren, wanda ya fi kama talaka. Ba duk siririya ce ta ƙwarai ba. Kasuwa cike take da sababbin kwamfutoci masu sheƙi, a kwali, masu masarrafar Celeron da ma'adanar aiki gigabait 4 da rumbun ajiya gigabait 32 ko 64, wanda kuma manne yake ba ya ciruwa. Windows kaɗai za ta cinye mafi yawan rumbun, da an buɗe shafuka biyar a intanet sai ta fara nishi. Araha ba ta ado. Wanda ya sayi wannan ya tsere wa doki ne ya faɗa kan jaki gurgu.

To me za a duba? Ga abin da na gaya wa 'yar tawa, na kuma sa ta rubuta a takarda.

Kada sunan i7 ya ruɗe ki. Bayan sunan akwai lambobi, kuma lambar farko, ko biyun farko a sababbi, ita ke nuna zubin da aka yi masarrafar. Core i7-7500U zubi na bakwai ce, ƙwaƙwalwar aiki biyu gare ta. Core i5-8250U zubi na takwas ce, tana da huɗu, ta kuma fi waccan aiki duk da sunanta ya fi ƙanƙanta. Harafin ƙarshe ma magana yake yi: U na nufin mai tattalin wuta, kusan wat 15, H kuma mai ƙarfi ce da ke cin kusan wat 45. Kada a sauka ƙasa da zubi na takwas, domin kamfanin Microsoft ya sanya 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar janye tallafinsa daga Windows 10, ita kuma Windows 11 a ƙa'ida daga zubi na takwas take farawa, in ban da 'yan ƙalilan.

Ma'adanar aiki kada ta gaza gigabait 8, a kuma tambaya ko ana iya ƙara ta, domin a siraran kwamfutoci da yawa an like ta ne a jikin allo. Rumbun ajiya ya kasance SSD, ko da gigabait 256 ne. Shi ba ya da faifai mai juyawa a ciki, saboda haka ya fi tsohon rumbu sauri nesa ba kusa ba, ya kuma fi jure girgizar hanya.

Mafi yawanmu 'yar gwanjo za mu saya, wadda aka gama amfani da ita a ofisoshin Turai da Amurka, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Irin su Lenovo ThinkPad T480 da Dell Latitude 7490 da HP EliteBook 840 G5 galibinsu zubi na takwas ne, nauyinsu wajen kilo ɗaya da rabi, an ƙera su domin wahalar aiki, masu gyara a Farm Centre da Titin Beirut sun san cikinsu. Sai dai batir shi ne abin da ke fara tsufa. Kada a yi cinikin biri a sama. A sa mai shago ya buga umarnin powercfg /batteryreport, Windows za ta fito da rahoton da ke nuna adadin wutar da batirin ke ɗauka yana sabo da abin da yake ɗauka yanzu. A zare caja, a zauna rabin awa ana aiki da ita, a ga yadda lambar ke sauka. A gwada kowane madanni, da kyamara, da lasifika, da kafofin jona kaya. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar da kwanakin da aka amince za a iya mayar da ita.

Ranar Litinin muka shiga Kano ni da ita. Mun zaga shaguna huɗu, a na biyar muka tsaya a kan wata 'yar gwanjo mai inci 14, Core i5 zubi na takwas, batirinta da sauran ƙarfi. Na lura idonta na komawa kan wata baƙa mai fitilu da ke cikin gilashi. Na ce mai shago ya sa mata ita a jaka har da cajarta, ta rataya, ta je bakin titi ta dawo. Da ta dawo ta sauke jakar tana murza kafaɗa, ta yi dariya ta ce, "Baffa, a bar ta kawai."

Abin da ya ragu daga kuɗin ya sayi jaka mai katifa a ciki da abin kare na'ura daga haukan wuta, saura kuma ya koma hannun Yaya ya shiga kuɗin rajista. Da na miƙa masa canjin, ya juya shi a hannu, ya dube ni ya ce, "Ashe ana zuwa birni a dawo da canji?"

Iyaye, ku tambayi 'ya'yanku aikin da za su yi kafin ku tambayi farashi. Ɗalibai, ku tuna abin da aka sayar kafin kuɗin nan ya zo hannunku. Allah Ya sa albarka a karatun yaranmu, Ya mayar wa iyaye da ninkin abin da suka kashe.

Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.