Wata biyar a aji, ko sisi bai shigo ba

Ranar da ƙanwata ta karɓo takardar ɗaukar aikin koyarwa, sai da aka yi guɗa a gidanmu. Shekara uku tana zaune da takardar NCE a akwati. Inna ta raba wa maƙwabta waina, Baba kuwa ya ce yau ya sauke wani nauyi. Yanzu an shiga wata na biyar tana fita kullum da sassafe zuwa wata firamare a ƙauye, amma albashi ko na wata ɗaya bai shigo ba. Kuɗin motarta daga jakata yake fita, wani lokacin daga ta mijinta, wanda shi ma lallaɓawa yake yi.

A makon jiya ɗanta ya kwana da zazzaɓi. Ta kira ni da asuba, muryarta ƙasa-ƙasa: "Yaya, ko akwai sauran magani a wajenki?" Na ce ta kawo shi a yi masa gwaji tukuna. Ta yi shiru, daga nan na gane kuɗin gwajin ne babu. A wajen aikinmu na sha ganin haka: uwa ta tsaya kwana uku tana ba yaro farasitamol, ba don sakaci ba, sai don aljihu, kafin ta iso asibiti jinin yaron ya yi ƙasa. Ban taɓa zaton zan ga haka a kan ma'aikaciyar gwamnati ba, balle 'yar'uwata.

Da na bi ba'asi, sai na fahimci takardar ɗaukar aiki daban, shiga jerin masu albashi daban. Sabon malami zai kai kansa makarantar da aka tura shi, hedimasta ya sa hannu a takardar kama aiki. Daga nan takardar ta wuce ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, sannan hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB. Sai a kira shi tantancewa, a duba takardun karatu, a ɗauki hoto da zanen yatsa, a haɗa da lambar BVN da asusun banki. Malaman makarantun gwamnatin tarayya kuwa sai sun shiga tsarin IPPIS, wanda aka fara a 2007. Kowane tebur a wannan hanya, fayil na iya kwana a kansa.

Gaskiya ne an kawo tantancewa don maganin ma'aikatan bogi, kuma ba wanda ke son a ci gaba da biyan sunayen da babu masu su. Amma laifin wani bai kamata ya hau kan wanda kowa ke gani a gaban allo kullum ba. Akwai kuma matsalar da ta fi takarda: albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi ake cirewa. Idan aka ɗauki sabbin malamai ba tare da an ware kuɗinsu a kasafi ba, to ko fayil ya kammala, jira ya zama dole.

Za a ce ai za a biya ariyas. To, Allah ya sa. Amma ciki ba ya jiran ariyas, haka mai gidan haya. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama babban abin da ke cin ma'aikaci. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, wanda ke karɓa ma bai ishe shi ba, ina ga wanda bai fara gani ba? Ranar da ariyas ɗin zai fito, mai shago da 'yan adashi da masu bashi sun riga sun raba shi.

Asarar ba ta malami ba ce shi kaɗai. Wanda ba shi da kuɗin mota zai fara fashin Litinin, ya ƙara da Alhamis. Wani ya koma kabu-kabu da rana, wata ta ajiye alli ta koma saƙa. Ajin da aka ɗauke su dominsa, 'ya'yanmu ne a ciki.

Ga wanda ke cikin wannan hali, ga abin da muka koya a gida. Ka yi kwafin kowace takarda, musamman ta kama aiki mai ɗauke da kwanan wata, domin da ita za a lissafa haƙƙinka. Ka duba sunanka da ranar haihuwa a BVN da NIN da takardun makaranta, su zama iri ɗaya. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya tsayar da fayil. Ka riƙa sa hannu a rajistar zuwa aiki. Idan za ku yi koke, ku haɗu ku rubuta ta hannun hedimasta, ku kai wa reshen NUT kwafi. Kada ka ba kowa cin hanci don ya "tura" sunanka, kuma ka guji bashin manhajojin waya masu kuɗin ruwa da tonon asiri.

Mu kuma dangi, mu sassauta. Daga jin an sami aiki sai buƙatu su fara zuwa, alhali mutum kunya ce ta hana shi faɗa. Maigida, idan matarka ce, kada ka ce mata aikin banza take yi. Ka tallafa mata, lokaci ne.

Hukumomi kuwa, roƙona ɗaya: a gama tantancewa kafin a tura malami aji, a kuma faɗa masa a rubuce watan da zai fara karɓar albashi. Idan an makara, a ba shi wani abu ya riƙe kafin a daidaita.

Yaron ya warke, alhamdulillahi. Uwarsa kuwa gobe ma za ta fita da ƙarfe shida da rabi, kuma duk saƙon da ya shigo wayarta sai ta duba ko daga banki ne.