Jiran sabuwar kwamfuta a Gaya jiran gawon shanu ne

Akwai wata shawara da ke yawo a tsakanin malaman makaranta da iyayen yara a nan Gaya: wai kada a sayi kwamfuta yanzu, a dakata sabon zubin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya fito, sannan farashi ya sauka. Ni dai ban yarda da wannan shawara ba, kuma ina ganin cutar da ƴaƴanmu take yi.

Kusan kowace shekara Intel da AMD sai sun fitar da sabon zubi. Wanda ya ce sai na gaba zai saya, ranar sayensa ba za ta zo ba, domin kowane sabo yana da ƙane a hanya. Shi kuwa yaron da ke shirin BEPC ko BAC shekara ɗaya yake yi a ajin. Idan ta wuce bai iya buga rubutu ko shirya lissafi a Excel ba, ta wuce ke nan.

Sannan mu tambayi kanmu: wa ke yanka farashi a Gaya? Ba Intel ba ce, hanya ce. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar da ta haɗa mu da Malanville, kayan Kwatano suka koma ƙetare kogi a kwalekwale ko dogon zagaye, kowane hannu da ladansa. Abin da ke shigowa ta Kamba kuma yana bin hawa da saukar naira. Sanarwar da aka yi a Amurka ba ta rage wa ɗan kasuwarmu ko dala ɗaya a kuɗin dako. Daɗin daɗawa, a ƙarshen 2025 farashin RAM ya tashi a duniya saboda manyan kamfanonin AI suna kwashewa. Masu jira sun ga tsada, ba araha ba.

Aikin makaranta kuma ba ya neman ingarman inji. Rubuta darasi, haɗa makin ɗalibai, buɗe littafin PDF, kallon bidiyon koyarwa, duk kwamfutar da aka ƙera shekara biyar ko shida da suka wuce tana yin su ba tare da haki ba. Ba mu manta Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse mana lantarki. Wanda ya rayu a wannan duhu ya san batiri mai ɗaukar awa huɗu ya fi masa furosesar da ake yayi.

Amma kada a ɗauka ina cewa a kwaso duk tarkacen da aka gani. Araha ba ta ado. Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, shi kuma Windows 11 a ƙa'ida ba ya karɓar furosesar Intel da ta gaza zubi na 8. Nan ne kawai maganar zubi take da amfani gare mu. Idan za ku sayi ta hannu, ku duba lambar: i5-8250U zubi na 8 ce, i5-6200U kuwa na 6. Ku nemi RAM 8GB, ku nemi SSD, ku cire caja a gaban mai kaya ku ga yadda batirin ke riƙe wuta. Wanda kuma tasa ke nauyi, sau da yawa sanya SSD da ƙarin RAM ya wadatar.

Malamai, ku iyaye ke tambaya kafin su kwance kuɗin guminsu. Ku faɗa musu gaskiya: a sayi mai lafiya gwargwadon aljihu kafin a koma makaranta a Oktoba, a bar masu kuɗin Turai su yi ta tseren zubi.