Motar Lantarki: Mu Yi Ciniki Tun Masu Kaya Suna Neman Mu

Ƙanena ɗan acaɓa ne. Tsakanin garinmu Nasarawan Doya da Makarfi yake jigila, wani lokaci har Hunkuyi ko Ikara idan ya sami mai buhun barkono ko kwandon tumatir. Kafin ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lita ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. Kafin 2024 ta ƙare, ta haura naira 1,000. Tun daga lokacin, idan ya dawo da magariba ya zazzage aljihunsa a kan tabarmar mahaifiyarmu, kaso mafi tsoka na mai sayar da fetur ne, sai na bakanike, sannan abin da ya rage na cefane. Shi ya sa duk wanda ya ce mini zancen abin hawa mai amfani da lantarki zancen 'yan birni ne, nake jin kamar ya zagi tukunyar gidanmu.

Abin da nake so in faɗa a taƙaice shi ne: kamfanonin ƙera motocin lantarki na duniya suna kokawa a kan masu saye, kuma wannan kokawa dama ce ta ciniki a gare mu. Idan muka yi barci, ko muka tsaya tafi kawai, za mu sake zama kasuwar jibge kayan wasu.

Ga yadda kokawar take. Kamfanin BYD na ƙasar Sin, wanda ya fara da yin batir a birnin Shenzhen a 1995, ya zarce Tesla na Amurka wajen sayar da motoci masu aiki da batir zalla a watanni ukun ƙarshe na 2023. A cikin Sin kanta kamfanoni sun yi yawa, kowa yana karya farashi don ya kori ɗan'uwansa. Da Amurka ta ga haka, sai ta ɗaga harajin shigo da motocin lantarki na Sin zuwa kashi 100 cikin 100 a 2024, Tarayyar Turai ma ta ƙara nata a watan Oktoba na shekarar. Mai kayan da aka rufe wa manyan kasuwanni biyu dole ya nemi ta uku. Afirka tana cikin inda idonsa yake, kuma babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan jama'a a nahiyar.

Mutane iri biyu nake jayayya da su. Na farko su ne masu cewa, "Garin da sai a yi kwanaki ba a ga wuta ba, da me za a yi cajin mota?" Gaskiya ne, wuta ta yi mana ƙaranci. Amma ina roƙonsu su sauka fadama da rani. Manoman da suka ajiye injin ban-ruwa mai shan fetur suka sayi farantan sola ba su jira gwamnati ta kawo musu waya ba. Mai shagon cajin waya a bakin kasuwa ma haka. Kuma ba motar alfarma muke magana a kai ba. Abin hawan ƙauye babur ne da mai ƙafa uku, batirinsu ƙarami ne, ana iya cire wanda ya ƙare a ɗora cikakke a rumfar da rana ke yi wa aiki. Babu kafireto, babu fulogi, babu canjin baƙin mai. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya mayar da ƙananan motocin bas masu shan fetur suka koma lantarki, ana cajinsu da hasken rana. Ranar da ke Borno ita ce ke dukan gonakin raken Makarfi.

Na biyu su ne masu murna, masu cewa a buɗe ƙofa kawai, tunda kaya ya yi araha. Waɗannan sun fi ba ni tsoro, domin mu mutanen Jihar Kaduna maciji ya taɓa saran mu. Masaƙun Kakuri sun ciyar da dubban gidaje, audugar ƙasar Zazzau tana da mai saye. Yau an rufe su, atamfar da ta cika Kantin Kwari a Kano yawancinta daga Sin take. A Kaduna aka fara haɗa motar Peugeot a 1975, har ta zama motar gwamnati da ta haya a faɗin ƙasa. Daga baya muka koma sayen gwanjon motocin Turai. Araha ta shigo, sana'a ta fita, ba mu nemi komai a madadi ba.

Ga shi kuwa wannan karon muna riƙe da abin da suke so. Batirin motar lantarki da ma'adinin litiyam ake yin sa, kuma akwai shi a ƙasarmu. A watan Mayu na 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa shi ta wani kamfanin Sinawa a Jihar Nasarawa, takwarar garinmu, akwai kuma wata a Kangimi cikin Ƙaramar Hukumar Igabi. Shin za mu loda dutse a tirela, sannan mu sayo shi ya zama batir da ninkin ba ninkin kuɗinsa? Indunusiya ta hana fitar da ɗanyen ma'adinin nikel a 2020, masu so suka zo suka gina masana'antu a can. Zimbabuwe ta yi haka da ɗanyen litiyam a 2022. BYD ya buɗe masana'antar haɗa motoci a Tailan a 2024, ya kuma karɓi tsohuwar masana'antar Ford a Barazil. Waɗannan ƙasashe ba su fi mu baki ba, sun dai buɗe nasu a lokacin ciniki.

Don haka abu uku nake nema daga shugabanninmu. Duk kamfanin da zai haƙa litiyam ko ya sayar da abin hawa a nan, a ɗaura masa sharaɗin haɗa babur da batir a cikin ƙasa, da wa'adi a rubuce. A horar da bakanikenmu tun yanzu, ta hanyar Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli da ke Zariya, domin yaron da ya ƙware a kwance inji zai rasa abinci ranar da inji ya daina zuwa garejinsa. Sannan kuɗin da za a kashe wajen saya wa manya motocin nuna isa, a kafa rumfunan sauya batir masu sola da shi a kasuwannin Makarfi da Ikara da Hunkuyi, a ba ƙungiyoyin 'yan acaɓa babura bashi. A kuma tanadi inda za a kai mataccen batir, kada ya ƙare a juji kusa da rijiya.

Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Kokawar nan ba za ta dawwama ba. Ƙananan kamfanoni za su faɗi, manyan da suka rage su daidaita farashi a tsakaninsu, kuma a lokacin ba wanda zai saurari sharaɗinmu. Ƙanena ya tambaye ni ko babur ɗin lantarki zai iya ɗaukar buhu biyu na masara a hanyarmu da damina. Na ce masa tambayar da ya kamata a yi wa masu kayan ke nan, a gaban shaidu, kafin a sa hannu a kan kowace takarda.