Mai Zura Ƙwallo ko Mai Tsare Gida: Darasi Daga Ɗan Zariya

A majalisun samarin Yauri da Matameye, inda wayar hannu ta kawo ƙwallon kwando na Amurka har gindin bishiya, gardama takan tashi duk watan Yuni. A wannan wata ne ƙungiyoyi 30 na gasar NBA suke zaɓen sababbin ƴan wasa, zagaye biyu, kuma waɗanda suka fi shan kaye su suka fi samun damar fara ɗauka. Tambayar ita ce: wa ya kamata a ɗauka, yaron da yake zura ƙwallo kamar ruwan sama, ko kuwa dogon ɗan gefe wanda aikinsa shi ne hana gwanin abokan hamayya sakat? Samari galibi suna bayan na farko. Tarihin gasar kuwa ya nuna sau da dama suna kuskure.

A dubi zaɓen 2011. Jimmer Fredette ya fito daga jami'a yana cin maki kusan 29 a kowane wasa, Amurka duka tana kiran sunansa, aka ɗauke shi na 10. Kawhi Leonard, yaro mai shiru-shiru wanda makinsa bai kai 16 ba, sai da aka kai na 15 kafin a tuna da shi. Fredette bai taɓa samun gindin zama ba, a 2016 ya koma wasa a ƙasar Sin. Leonard kuwa ya zama gwarzon wasan ƙarshe a 2014 tare da San Antonio, aka ba shi kambun tsaron gida a 2015 da 2016.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai cin maki a jami'a yana yi ne domin ƙwallo kullum tana hannunsa. Idan ya shiga cikin manya, ya tarar da waɗanda suka fi shi tsawo da sauri, kuma ƙwallon tana hannun wani, sai ya zama nauyi ga ƙungiya, domin ta gefensa abokan hamayya za su riƙa ɓullowa. Shi kuwa mai tsaro, tsawon hannu da juriya da karanta wasa suna bin sa duk inda ya je, harbi kuma ana koya masa daga baya.

Wanda ya fahimci haka da kyau mutumin Zariya ne, Masai Ujiri, wanda ya tashi a can, ya koyi wasan a can, ya kuma riƙe ragamar ƙungiyar Toronto daga 2013 zuwa 2025. A 2017 ya ɗauki OG Anunoby a matsayi na 23, alhali yaron yana jinyar gwiwa, a shekarar da masu cin maki irin su Markelle Fultz da Malik Monk suka riga shi nesa ba kusa ba. Anunoby ne ya fi kowa ƙwace ƙwallo a gasar a kakar 2022 zuwa 2023. A watan Yulin 2018 Ujiri ya yi abin da ya jawo masa zagi: ya ba da DeMar DeRozan, ɗan lelen gari mai maki 23 a wasa, ya karɓo Leonard. A watan Yunin 2019 Toronto ta doke Golden State, ta ɗauki kofin da ba ta taɓa ɗauka ba.

Masu ja suna da hujja. Za su ce Michael Jordan, na 3 a 1984, da Stephen Curry, na 7 a 2009, masu cin maki ne, kuma babu kofi sai da maki. Gaskiya ne. Amma irinsu ba sa zuwa kowace shekara, kuma shi Jordan ɗin ya ci kambun tsaron gida a 1988. Idan irin wannan gwani bai bayyana ba, hankali ya ce a ɗauki wanda amfaninsa tabbas ne. Manomin rake na ƙasar Kance ya sani, garkar da ba ta da darni ta awaki ce.

Maganar ta wuce fili. A 1993, lokacin da ƙawancen AFC ya kai Mahamane Ousmane, ɗan Damagaram, kan mulki, jam'iyyu sun cika da gwanayen dandali masu tara jama'a da tafi. Masu haƙurin tsare doka da baitulmali da alƙawarin ƙawance su ne suka yi ƙaranci. Ƙawancen ya tsage a 1994, rigimar shugaba da firaminista ta cinye 1995, soja suka karɓe a ranar 27 ga Janairun 1996.

Saboda haka duk wanda aka ɗora wa zaɓen mutane, mai horar da yara ne a filin makaranta ko mai jefa ƙuri'a a Yauri ranar da akwati ya dawo, ya tambayi abin da ɗan takara yake yi sa'ad da ƙwallo ba ta hannunsa. Magabata sun riga sun faɗa: tsare kaya ya fi ban cigiya.