Ƙuri'a 537: A Yarda Da Mudu Kafin A Fara Awo

Duk wanda ya san kasuwar hatsi ya san ba a fara awo sai an yarda da mudu. Sakaci da wannan ƙa'ida ne ya jefa Amurka cikin ruɗani bayan zaɓen shugaban ƙasa na 7 ga Nuwamba, 2000.

A jihar Florida an kaɗa ƙuri'a kusan miliyan 6, amma tazarar da aka ayyana tsakanin George W. Bush da Al Gore 537 ce kacal, kuma wanda ya ci jihar shi zai hau mulki. A gundumomi da dama mai zaɓe kan huda kati ne, na'ura ta ƙirga. Idan hujin bai fita sarai ba, sai ta tsallake katin. Gore ya nemi a sake ƙirge da hannu a gundumomi huɗu. Ranar 8 ga Disamba Kotun Ƙolin jihar ta umarci a duba katunan da aka tsallake a duk faɗin jihar. Washegari Kotun Ƙolin Amurka ta dakatar da aikin, sannan ranar 12 ga wata alƙalai 5 suka rinjayi 4, aka rufe ƙirgen.

Hujjar kotun ita ce ma'auni ya sha bamban: katin da wata gunduma ta karɓa, wata ta ƙi irinsa. Wannan gaskiya ne. Sai dai a ganina, maganin mudu biyu shi ne a tsayar da guda ɗaya a ci gaba da awo. Ƙarancin lokaci bai isa ya zubar da haƙƙin wanda ya fito ya yi zaɓe ba.

Akwai kuma batun tuhuma. Katherine Harris, jami'ar da ta tabbatar da sakamakon, tana cikin jagororin yaƙin neman zaɓen Bush a jihar, gwamnan kuma ɗan'uwansa ne, Jeb Bush. Malaman fiƙihu sun daɗe da ƙin karɓar shaidar mai jawo wa kansa amfani, ko da mutumin kirki ne, domin a tsare zukata daga zato.

Gore ya karɓi hukuncin ranar 13 ga Disamba, duk da ya ce bai gamsu da shi ba, kuma ya cancanci yabo kan haka. Amma haƙurin wanda ya sha kaye ba ya gyara mudu. A rubuta ƙa'idar ƙirge tun kafin a san wanda za ta amfana, a damƙa ta ga wanda ba shi da rabo a sakamakon.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.